Kwana 12 a Burazil: yadda za ka zaga Riyo, Iguwasu da Salvador ba tare da ka sha wahalar banza ba

Duk wanda ya ji na je Burazil tambaya ɗaya yake fara min, wai ka ga Neymar? Ban gan shi ba jama'a, ƙasar nan girmanta ya haura murabba'in kilomita miliyan 8 da rabi, wato ka ɗauki Najeriya guda tara ka jera sannan ka kamo ta, to kuskuren da mutanenmu suke yi shi ne su buɗe taswira su ce za su ga Amazon su ga Riyo su ga Brasilia duk a sati ɗaya, ƙarshe dai su ƙare a kujerun filin jirgi suna gyangyaɗi. Ni shawarata gari uku kacal, Riyo da Foz do Iguaçu (garin magangarar ruwan Iguwasu) da Salvador, kuma ka bar Salvador ta zama ta ƙarshe, zan faɗi dalili in mun isa can.

Mataki na 1: takardu, tun kafin ka fara mafarkin bakin teku

Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, akwai kuma ƙaramin ofishi a Legas, ana cike fom ne ta intanet a ɗora hoto da takardu sannan a ba ka ranar zuwa. Ka tanadi tikitin zuwa da dawowa, shaidar otal, bayanan asusun banki na watannin baya da takardar wurin aiki ko ta kasuwancinka. Akwai kuma takardar wankewa ta NDLEA da ake nema ga masu zuwa Burazil, ita ma ka fara ta da wuri don tana cin lokaci. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ka yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi ka sa shi cikin fasfo, don ko ba a tambaye ka a can ba za a iya tambayarka a hanya.

Sai magana guda da ba wasa a cikinta. Hanyar Sao Paulo sananniya ce wurin masu safarar hodar iblis, saboda haka kada ka karɓi saƙon kowa, ko da kuwa ɗan unguwarku ne ya ce takalmi ne kawai za ka kai wa ƙaninsa. Ka ce masa a'a, in zai yi fushi ya yi.

Mataki na 2: lokaci da jirgi

Yanayinsu a juye yake da abin da ka saba ji na Turai, zafi daga Disamba zuwa Maris, sanyi-sanyi daga Yuni zuwa Agusta. In za ka bi tawa ka je tsakanin Afrilu da Yuni ko Satumba da Oktoba, ba zafi mai gasa mutum ba cunkoso. Bikin Carnival, babban bikin rawa da kiɗa a tituna, yana faɗowa a Fabrairu ko farkon Maris, lokacin kuɗin otal yakan ninka ya sake ninkawa, kuma abin da ake yi a titi a satin nan ba lallai ka so ka gani kana tare da iyali ba, na dai faɗa maka.

Yawanci ana bi ta Addis Ababa ne da jirgin Habasha, ko ta Kasablanka, ko ta Doha, Dubai ko Istanbul, a sauka a Guarulhos, babban filin jirgin Sao Paulo. Ka lura Sao Paulo tana da wani filin mai suna Congonhas a cikin gari, Riyo ma biyu gare ta, Galeão da Santos Dumont, to wurin sayen tikitin cikin gida ka duba da kyau kada ka sauka a wannan alhali jirginka na gaba yana tashi daga wancan, tsakaninsu tafiya ce sosai ga go-silo. Kamfanonin cikin gida uku ne manya, LATAM, Gol da Azul. Sao Paulo zuwa Riyo awa ɗaya ne a sama, a bas kuma kamar awa shida. Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu, in ka kira gida bayan isha'i ka tashi mutane daga barci.

Mataki na 3: waya, kuɗi da baki

Kuɗinsu riyal ne amma ba na Saudiyya ba, real ake rubutawa. Kati yana aiki kusan ko'ina har wurin mai sayar da kwakwa a bakin teku, sai dai ka tabbatar naka na dala ne da zai yi aiki a waje, ka kuma riƙe ƴan takardun kuɗi a aljihu. Su can kowa Pix yake yi, wato tiransifa ɗinsu ta nan take, amma baƙo bai cika samun damar ba. Akwai wata lamba da suke kira CPF, kamar lambar haraji, da za a yi ta tambayarka wurin sayen layin waya ko tikiti ta intanet, mafi sauƙi ka sayi eSIM tun daga gida ka huta. Soket ɗinsu ma daban ne, mai ramuka uku zagayayyu, ka sayi adafta.

Turanci kuwa ka ajiye shi a jaka, Fotugisanci ake yi, har direban tasi da ɗan sanda. Ka sauke manhajar fassara da za ta yi aiki ba data, sannan ka haddace waɗannan: obrigado na gode (mace ta ce obrigada), quanto custa nawa ne, frango kaza, peixe kifi, sai babbar cikinsu, tem porco? wato akwai alade a ciki?

Wannan tambayar kada ka gaji da yin ta. Feijoada, abincin da suke alfahari da shi, baƙin wake ne da aka dafa da naman alade. Ko waken da ake zubawa a kan shinkafa kullum sau da yawa an jefa masa ɗan alade don ɗanɗano, haka farofa, wadda garin rogo ce soyayya sak garin kwaki, ita ma akan barbaɗa mata. Ni dabarata gidan abincin da ake aunawa a sikeli, por quilo suke cewa, ka ɗauki faranti ka zaga ka ga komai da idonka, shinkafa, kifi, salak, soyayyen rogo, a auna ka biya. Af, rogon nan da muke ci da ƙuli ai daga yankin nan Turawan Fotugal suka kawo mana shi.

Mataki na 4: Riyo, kwana huɗu

Ka kama otal a Copacabana, Ipanema ko Botafogo, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ƴan'uwa mata, a lokutan cunkoso na safe da yamma akwai tarago na mata zalla mai alamar ruwan hoda. Da dare kuma Uber ko 99, manhajar tasi irin Uber, kawai.

Rana ta farko Corcovado, dutsen nan mai tsayin kusan mita 710 da mutum-mutumin Yesu da suke kira Cristo Redentor yake kai. An buɗe shi a 1931, tsayinsa mita 30 ban da gindin da ya hau mai mita 8, faɗin hannayen kuma mita 28. Na san wani zai ce shi me zai kai shi wurin gunki, wannan kuma tsakaninka da zuciyarka, ni dai abin da ya tsayar da ni a can garin ne da ke shimfiɗe a ƙasa, teku, tafki, duwatsu, filin ƙwallon Maracanã kamar faranti. In ba ka son hawa can, je ka Mirante Dona Marta, kallon kusan ɗaya ne kuma ba ka biyan kuɗin shiga. In za ka hau, ka sayi tikitin jirgin ƙasan da ke tashi daga Cosme Velho tun da wuri ta intanet, jirgi ne da yake aiki tun 1884, minti 20 yana ratsa dajin Tijuca. Ka ɗauki na farko da safe, kuma kafin ka fito ka ɗaga kai ka dubi dutsen, in gajimare ya rufe shi ka sauya rana. Ni ban yi haka ba, na hau na tsaya cikin farin hazo ina jin muryoyin mutane ban ga ko yatsan ƙafar abin ba, sai da na sake biya washegari.

Da la'asar ka nufi Pão de Açúcar, dutsen da yake tsaye a bakin ruwa kamar curin sukari, mita 396. Motar igiya ce take kai mutum, tun 1912 ake yi, hawa biyu, daga Praia Vermelha zuwa Morro da Urca, sai ka sauya zuwa ƙololuwa. Ka isa kamar awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana, ka ga gari da haske ka kuma ga fitilu suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe ƴar riga mai kauri, iska tana kaɗawa.

Rana ta biyu tsakiyar gari. Matakalar Selarón guda 215 ce tsakanin Lapa da Santa Teresa, wani mai zane ɗan ƙasar Chile ya shafe shekaru yana manna mata tayil daga ƙasashe sama da 60, hoto kawai ake yi, rabin awa ya isa. Inda nake so ka ɓata lokaci shi ne Cais do Valongo, tsohuwar tashar da aka sauke ƴan Afirka kusan dubu 900 a matsayin bayi. An binne ta ƙarƙashin titi har sai 2011 da ake gyaran unguwar aka tono ta, UNESCO ta sa ta cikin jerinta a 2017. Ba wani ƙyale-ƙyale, duwatsu ne kawai a shimfiɗe marasa daidai, amma ka tsaya ka kalle su. Kada dai ka zaga tsakiyar gari ranar Lahadi, shaguna a rufe tituna fayau, lokacin ne ɓarayi suke sakewa.

Rana ta uku Maracanã ga ƴan ƙwallo, an buga wasan ƙarshe na kofin duniya na 1950 da na 2014 a nan, ana zagayawa da baƙi har ɗakin sauya kaya. In ka dace da wasan Flamengo ko Fluminense ka shiga, ihun wurin sai ka ji a ƙirjinka. In Juma'a ce, masallacin Mesquita da Luz yana unguwar Tijuca, ba nisa daga filin. Alƙibla kuwa gabas ce da ɗan karkata arewa, manhaja za ta nuna maka.

Bakin teku kuma, to, Bahaushe sai ya shirya idonsa. Copacabana kilomita huɗu ce, ka je da sassafe kafin a cika, ka taka a kan daɓen nan mai zanen igiyar ruwa baƙi da fari, ka sha ruwan kwakwa mai sanyi. Jar tuta a yashi tana nufin kada ka shiga ruwa, kuma da gaske suke. Waya kuwa ba a tafiya da ita a hannu a gefen titi, in za ka duba taswira shiga shago, agogo mai tsada da sarƙa su zauna a otal tare da fasfo, ka yawata da kwafi. In aka tare ka miƙa kawai, ba jarumta. Lambar ƴan sanda 190, motar asibiti 192. Unguwannin kan dutse da suke kira favela kada ka bi taswirar waya ta shigar da kai.

Mataki na 5: Foz do Iguaçu, kwana uku

Awa biyu daga Riyo a jirgi. Kalmar Iguaçu a yaren Guarani tana nufin babban ruwa, kuma ba su yi ƙarya ba, magangarar ruwa ce kusan 275 a jere a faɗin kilomita 2.7 kan iyakar Burazil da Ajantina. Mafi yawansu suna ɓangaren Ajantina ne, amma daga Burazil ake ganinsu fuska da fuska, to kada ka damu in ba ka da bizar Ajantina. Kuma kada wani direba ya ruɗe ka da cewa a tsallaka kawai ba a dubawa, ko Ajantina ko gadar Paraguwai inda ake sayayya, kai da koren fasfo ba irin ƴan ƙasa ba ne, ka zauna inda bizarka ta tsaya.

Yadda ake yi: ka sayi tikiti mai lokaci ta intanet, ka isa ƙofar gandun dajin da magangarar take ciki da safe, ka hau bas mai hawa biyu, ka sauka a gaban otal ɗin nan mai fentin ruwan hoda, nan hanyar ƙafa take farawa, ba ta kai kilomita biyu ba. Da farko za ka ga ruwa daga nesa ka ce to ai shi ke nan, ci gaba dai, kowace kwana sai wani ya ɓullo, ƙarar tana ƙaruwa, har ka iso gadar da aka shimfiɗa a kan ruwan zuwa gaban Garganta do Diabo, wato maƙogwaron shaiɗan, inda ruwa yake zubowa daga kusan mita 80 ta gefe uku. A nan ba ka jin maganar na kusa da kai, feshi yana dukan fuska, bakan gizo a ƙarƙashin ƙafarka, ni dai subhanallah kawai nake ta maimaitawa. Ka sayi rigar leda tun a gari don a ciki ta fi tsada, waya a jakar leda, takalmi mara santsi. Masu ƙarfin hali akwai kwale-kwalen Macuco da yake kai mutum har ƙarƙashin ruwan, sai ka tafi da kayan sauyawa.

Akwai wasu dabbobi masu dogon hanci da jela mai zobe-zobe, quati, suna yawo kamar kuliyoyin gida. Kada ka ba su abinci kada ka shafa su, suna cizo. Ina zaune na ajiye ledar biskit a gefe ina goge tabarau, kafin in ɗago ɗaya ya yi gaba da ita, wani yaro yana ta min dariya.

Da ka fito, Parque das Aves yana tsallaken titi, ka shiga keji tare da aku masu ja da shuɗi da tsuntsun nan mai ƙaton baki. Washegari madatsar Itaipu, ta Burazil da Paraguwai, injin 20, megawat dubu 14, ka tuna Kainji ɗinmu 760 aka gina ta ta bayar, sai ka yi shiru kawai. Garin nan kuma a nan cikinka zai huta, Larabawan Labanan suna da yawa, shawarma da naman halal ba wahala, ga farin masallacin Omar Ibn Al-Khattab mai ƙubba da aka gina a shekarun 1980.

Mataki na 6: Salvador, kwana huɗu, kada ka rage ko ɗaya

Daga Foz sai ka sauya jirgi a Sao Paulo ko Riyo, rana guda za ta tafi a hanya. Ka sauka a unguwar Barra ko Rio Vermelho. An kafa garin a 1549, shi ne babban birnin ƙasar na farko har 1763, kuma tun daga filin jirgi za ka ga fuskoki irin na gida, ba mai kallonka sau biyu.

Garin hawa biyu ne, sama da ƙasa, lif ɗin Lacerda mai mita 72 yake haɗa su tun 1873. A ƙasa akwai Mercado Modelo, kasuwar tsaraba, a nan ka fito da halinka na Kwari ka yi ciniki. A sama Pelourinho, gidaje masu launi-launi da titin dutse, sai dai ma'anar sunan turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala ne. Akwai shuɗiyar cocin Rosário dos Pretos da bayi suka gina wa kansu, da gidan tarihin Afro-Brasileiro a dandalin Terreiro de Jesus. Masu ɗaura kirtani mai launi a hannu za su ce maka kyauta ne, da an ɗaura sai a nemi kuɗi, ka ce não, obrigado ka wuce. Kada ka kauce daga titunan da ke da jama'a da ƴan sanda.

Yanzu dalilin da na ce ka bar nan ƙarshe. Bayan jihadin 1804, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da na ƙasar Yarbawa sun sa an kama mutane da yawa an sayar zuwa bakin teku, da yawansu nan Bahia aka kawo su, a takardun lokacin haussá ake rubuta su. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa, aka sake yi a 1809 da 1814. Babban shi ne na Malê, sunan da ake kiran Musulmi da shi daga kalmar Yarbanci imale, daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Mutum kusan 600, yawanci Yarbawa tare da Hausawa, suka fito cikin fararen riguna da layu a wuya. Asiri ya tonu kafin lokaci, faɗa ya fara a wani gida a Ladeira da Praça, ya ƙare a Água de Meninos inda sojan doki suka murƙushe su, aka kashe kusan 70. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani dattijo Bahaushe mai sayar da taba da ake kira Dandará. Ƴan sanda sun kwashe alluna da takardu masu ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci, wasu suna ajiye har yau a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahia. An harbe mutum huɗu a Campo da Pólvora, wurin yanzu tashar jirgin ƙasa ce, mutane suna ta wucewa da jakunkuna. Wasu aka koro su Afirka, zuriyar irinsu ne Aguda na Legas da Tabom na Akra. Bautar kanta ba a soke ta ba sai 1888.

To ka nemi ɗan jagora mai lasisi ka ce masa hanyar Malê kake so, ku taka daga Ladeira da Praça zuwa Campo da Pólvora da ƙafa, ba nisa, daga nan cibiyar Musulunci ta Bahia tana unguwar Nazaré, ka yi sallah ka yi musu addu'a.

Da yamma ka je Farol da Barra, hasumiyar fitilar jiragen ruwa a bakin teku, kallon faɗuwar rana, sannan ka nemi matan nan masu fararen kaya da ɗaurin ɗankwali da suke zaune gaban kasko. Abin da suke soyawa acarajé, ɗan'uwa ƙosai ne, wake ne aka surfa aka markaɗa da albasa, sai dai a manja ake soya shi kuma ƙato ne kamar dunƙulen hannu, a tsaga shi a zuba vatapá, wata miya mai kauri ta burodi da madarar kwakwa, da busasshen jatan lande da caruru, wadda miyar kuɓewa ce. Kusa da shi akwai abará a naɗe cikin ganyen ayaba, alala ce ba ko tantama. Za ta tambaye ka quente ko frio, ba zafin wuta take nufi ba, yaji take nufi. Na ce quente da gadara, ai mu ƴan yaji ne, ta dube ni ta yi murmushi ta ƙara cokali guda. Kai dai ka sayi ruwan kwakwarka ka riƙe kafin ka kai cizon farko.